Yadda ake ratsa wayoyin wuta a gangar ƙaramin jirgin sama haɗin gida

Duk mai wayarin mota a Magazin ta Suame, unguwar gareji ta Kumasi, ya san yadda ake jan waya daga batir zuwa fitilar baya, don haka rabin ilimin da ake buƙata a ƙaramin jirgin sama yana hannunsa tun tuni. Sauran rabin kuwa mota ba ta koyar da shi. In waya ta haɗe a mota, sai a gangara gefen titi a buɗe bonet. Jirgi ba shi da gefen titi, ga kuma inji da farfela suna jijjiga shi tun daga tashi har sauka. Wayar da ta jingina da bakin ƙarfe, ko yaya ta jingina, gurzuwa take yi sannu a hankali kamar igiyar guga a bakin rijiya, har ranar da jan ƙarfen ciki zai taɓa jikin jirgi. Aikin ratsa waya gaba ɗaya a kan abu biyu ya tsaya: kada waya ta taɓa kaifi, kada kuma ta sami filin lilo.

Yawancin alƙaluman da ke nan daga babi na 11 ne na littafin hukumar jiragen sama ta Amurka mai lamba AC 43.13-1B, wanda masu haɗa jirgi a gida ke komawa gare shi. Amma zanen kamfanin da ya tsara jirginka yana gaba da shi: in zane ya hana huda wani wuri, magana ta ƙare. A Ghana kuma jirgi ba ya tashi sai da rajista da izinin hukumar jiragen sama ta ƙasar, GCAA, kuma ya fi maka sauƙi a duba wayarinka tun ganga na buɗe, kafin ribit ya rufe komai.

Wayar kanta

Wayar jirgi ita ce mai lamba M22759/16. Rigarta wata roba ce mai tauri da ake kira Tefzel, tana jure zafi har digiri 150 a ma'aunin Salsiyos, cikinta kuma silin jan ƙarfe ne da aka shafe da kuza. Wayar mota mai rigar PVC tana laushi tun zafi bai kai nan ba, in kuma ta kama, hayaƙinta mai guba ne, a ɗakin matuƙi da bai fi faɗin kujera biyu ba. Shafin kuzar ma yana da amfani a wurinmu. Damshin Kumasi mai damina biyu, ko iskar gishiri ta bakin teku a Akra, suna mai da tsirarar jan ƙarfe baƙi ko kore a cikin kan waya, inda ido ba ya kaiwa. A yi hattara da wayar kasuwa mai arha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Gane ta ba wuya: kankare sili ɗaya da wuƙa. Ta jirgi fara ce a waje, ja a ciki. Ta bogi ja ce a waje, fara a ciki.

Kaurin waya ana ƙirga shi da lambar AWG, kuma lamba na ƙaruwa waya na sirancewa. Abu biyu ke zaɓar maka kauri. Na farko fis ko bireka, domin waya suke karewa, ba na'urar da ke bakinta ba: lamba 22 kada birekarta ta wuce amp 5, lamba 20 amp 7.5, lamba 18 amp 10, lamba 16 amp 15, lamba 14 amp 20. Na biyu raguwar ƙarfin wuta a hanya, kuma nan ne masu zuwa daga aikin mota suka fi yin sakaci. A jirgi mai volt 14, na'urar da ke aiki ba tsayawa kada ta rasa fiye da rabin volt tsakanin allon agoguna da inda take. Kowace mita ta lamba 22 tana da turjiya kusan om 0.053, lamba 20 tana da 0.032, lamba 18 tana da 0.020, lamba 16 tana da 0.016, lamba 14 tana da 0.010. Ka ninka tsawo da amp da turjiya. Ɗauki fitila mai cin amp 5 a nisan mita 6. Da lamba 20 za a rasa volt 0.96, da lamba 18 volt 0.6, sai lamba 16 ce za ta sauko da shi 0.48. Ka ga ke nan lamba 20 ba za ta ƙone ba, amma fitilar za ta yi dishi-dishi. In jirgin na katako ne ko na faiba, jikinsa ba ya mayar da wuta, dole a ja wayar dawowa, tsawon lissafi ya zama mita 12, a nan sai lamba 12.

Kafin a huda ko'ina

Ɗauki takarda ka jera duk abin da ke bayan kujeru da cikin fikafikai: fitilar wutsiya, fitila mai walƙiya, ƙaramar motar daidaita wutsiya, na'urar neman agaji, ma'aunin mai, famfon mai, eriyoyi. Kowanne a rubuta amp ɗinsa, tsawonsa, kaurin wayarsa da lambar da za a sa masa. Sannan ka bi hanyar da igiyar shanya, ka liƙa ta da tef a duk inda waya za ta bi. Igiya ce za ta nuna maka tsawon gaskiya, ita kuma za ta tona inda hanya ta ci karo da wani abu tun ba ka yanka waya mai tsada ba. A kan abin da igiya ta ba ka ƙara santimita 30 a kowane baki.

A raba hanya biyu aƙalla. Wayoyin da ke ɗauke da wuta mai yawa, da na fitila mai walƙiya da na famfo, su bi gefe guda. Wayoyin murya da na ma'aunai su bi ɗaya gefen. In dole su haɗu, su gitta juna a tsaye kamar mararraba, kada su jera. A kuma ƙara waya biyu ko uku na ajiya zuwa wutsiya da kowane fiffike, a rufe bakinsu, domin babu mai jirgin da bai ƙara na'ura daga baya ba.

Huji

Gangar alminiyam tana da shamakai a tsaye masu riƙe siffarta, da dogayen ƙarafa da suka tashi daga gaba zuwa wutsiya, da azarar da fikafikai ke ɗaure a kanta. Dogayen ƙarafan nan da leɓunan azara ba a huda su don waya, ko da hujin bai fi ƙwayar gero ba, saboda su ke ɗauke da nauyin jirgi kuma daga bakin huji tsagewa ke farawa. Tsakiyar azara ma sai inda zane ya nuna. A shamaki, huji ya zauna a tsakiyar faranti, nesa da lanƙwasar baki da layin ribit da sauran hujuna.

Yi amfani da bakin huda mai hawa-hawa. Bakin huda na yau da kullum yana cafke siririn faranti ya bar huji mai kusurwa uku. Bayan huda a kashe kaifin baki ta fuska biyu har yatsa ya wuce bai ji komai ba, a shafa fenti na farko, a kuma zuƙe ɓarɓashin tun a lokacin. Ɓarɓashin alminiyam da ya shiga tsakanin wayoyi yana aiki ne kamar magagari.

Kowane huji sai da zobe. Akwai na roba mai lamba MS35489, akwai na nailan mai shiga da ƙas, irin SB500-6 da ke shiga hujin rabin inci ya bar ƙofar milimita 9.5. Manyan ramukan rage nauyi da kamfani ya riga ya yanka ana bin bakinsu da dogon zobe mai haƙora, MS21266, a liƙa shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka zobe ya gama magana. Zobe garkuwa ce kawai. In damin wayoyi ya kwanta a kansa yana jijjiga, wata rana zai cinye shi ko ya ture shi daga huji. Abin da ya kamata shi ne a kafa maɗauri kusa da ramin, a kan ɗan ƙarfe mai kusurwa, ya riƙe damin a tsakiya. Duk inda ratar dami da bakin rami ta gaza milimita 10, zobe wajibi ne ko da akwai maɗauri.

Jirgin da gangarsa bututun ƙarfe ce da aka yi wa walda, ba a huda bututu sam. Ana haɗa maɗauri biyu da kusa ɗaya, ɗaya ya rungumi bututu, ɗaya ya rungumi waya.

Inda za a rufe da ribit har abada, kamar ƙarƙashin daɓen kujeru ko cikin fiffike, a shimfiɗa bututun nailan mara nauyi. Faɗin cikinsa ya fi kaurin dami da kashi 25 cikin ɗari, a huda masa ramin zubar ruwa na milimita 3 a wurin da ya fi gangara, kafin a sa waya, a kuma bar zare mai ƙarfi a ciki don jan wayar gobe. A toshe bakinsa da ɗan soso. Zanzaro ba ya ganin bututu a buɗe ya ƙyale, ɓera kuma ya fi son jirgin da ya kwana biyu a rumfa.

Ɗauri, wanda shi ne zuciyar aikin

Maɗaurin jirgi shi ne MS21919, ƙarfe mai matashin roba, wanda aka fi sani da Adel. Lambar da ake ƙara masa a ƙarshe tana faɗin girmansa da kashi goma sha shida na inci, wato mai lamba 6 na dami ne mai kaurin milimita 9.5. Ana kafa shi da kusa AN3 da noti mai kulle kansa, kusar tana sama dami na rataye ƙasa, don nauyi kada ya juya shi. Girman da ya dace shi ne wanda in ka ja damin a hankali ba zai zame ba, in kuma ka buɗe ba za ka ga shatin matsa a rigar waya ba. Duba da kyau kada sili ɗaya na waya ya maƙale tsakanin kunnuwan maɗauri lokacin ɗaure noti, wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Mai fama da kunnuwan da ke buɗewa ya fara jawo su da 'yar wayar ƙarfe, ya zura kusa, sannan ya yanke ta.

Tazarar maɗauri da maɗauri kada ta wuce santimita 60. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. A ƙaramin jirgi mai siririn dami, santimita 20 zuwa 30 ya fi kwantar da hankali. Gwajin mai sauƙi ne: danna damin da yatsa a tsakiyar maɗaurai biyu, kada ya kauce fiye da milimita 12, kuma a iyakar kaucewarsa kada ya taɓa komai. Amma kada a ja shi ya yi tsirit kamar tsirkiyar garaya. Ganga tana lanƙwasa a iska, alminiyam yana miƙewa a rana, wayar da ba ta da sassauci kuwa kan waya take fizga.

Tsakanin maɗaurai ana haɗe damin da zare mai kakin zuma ko da maɗaurin roba mai haƙora. Zaren ya fi: ba ya nauyi, ba ya cizon waya, ba ya yankan hannun mai gyara. In roba za a sa, a ja ta daidai, a yanke wutsiyarta daf da kai. Kada a ɗaure waya kai tsaye a jikin ƙarfe da ita, domin ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashi ta zama sanfefa. Gindin roba mai gam a baya kuma ba abin dogaro ba ne. Jirgi ya wuni a ranar Maris a filin Kumasi, gam ya saki, dami ya faɗo kan abin da ke ƙasa. In za a sa su, a ƙara musu ribit.

A kwana, lanƙwasa ta kasance mai faɗi, ninki goma na kaurin waya mafi kauri a damin. Bayan allon agoguna a bar rarar da za ta isa a jawo na'ura waje a cire fulogi ba tare da an kwanta a ƙarƙashi ba, a naɗe rarar a ɗaure. Wayar da ke gangarowa zuwa fulogi kuma a sa ta ta ɗan zarce ƙasa sannan ta hauro, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasan lanƙwasa maimakon ya shige cikin fulogin.

Maƙwabta biyu ne ba a wasa da su. Na farko bututun mai da na birki. A ba su santimita 15 in da hali. In wuri ya ƙure, santimita 5 tare da maɗaurin da zai tabbatar da ratar, kuma ko yaya aka matsu kada ta gaza milimita 13. Waya ta bi ta sama, bututu ta ƙasa, don in ya yi yoyo kada ya zuba a kanta, kuma ba a rataya waya a jikin bututun mai. Na biyu igiyoyin linzami da sandunan da ke motsa wutsiya da fikafikai. A nisance su da santimita 7.5, in bai yiwu ba a sa kariya mai tauri a tsakani. Igiyar wutsiya tana kaɗawa a iska fiye da yadda take nunawa a rumfa. Kafin a rufe daɓe, a sa mutum mai jiki ya zauna a kujera, ya kai sandar tuƙi kusurwoyinta huɗu, ya taka feda har ƙarshe, kai kuma kana ƙasa da tocila da madubi. Kujera tana lotsawa da nauyi, kuma ratar da ka gani jirgi na wofi tana iya ɓacewa.

Katangar wuta da babbar waya

Farantin ƙarfe mara tsatsa da ke tsakanin inji da ƙafafun matuƙi an yi shi ne ya tare harshen wuta mai zafin kusan digiri 1,100 na minti 15. Zoben roba shi kaɗai a nan daidai yake da barin ƙofa a buɗe. A yi amfani da mashigin ƙarfe mara tsatsa, a sa wa damin rigar hana ƙuna, a ɗaure ta da maɗaurin ƙarfe, a cike ratar da abin toshiya mai jure wuta. Silikon mai warin tsami ba ya shiga aikin nan, domin tsamin yana cin jan ƙarfe da alminiyam. Hujuna kaɗan sun fi, amma wayoyin ma'aunin zafi su sami nasu mashigin dabam da na wayar caji.

Wayar da ta tashi daga batir zuwa babban rile, wato makunnin da ke haɗa batir da sauran wayarin, ba ta da fis, saboda haka ta zama gajeruwa ƙwarai, rile yana daf da batir, kowane kai da hular roba. A injin Rotax 912, kaurin wayar sitata ba ya gaza na lamba 6. Inji yana zaune ne a kan robobi, don haka sai an ja masa wayar dawowa mai kauri ɗaya da ta sitata zuwa batir. In aka manta, wutar sitata za ta nemi hanya ta igiyar totur ko ta sulken ƙananan wayoyi, ta ƙona su a kunnawar farko. Kafasito mai 22,000 µF da kamfanin ya ce a sa kusa da na'urar daidaita caji shi ma kada a tsallake shi.

Ƙara a kunne

Yawancin kukan da ake ji a lasifikar kunne daga wayar dawowa yake. A kafa faranti guda na tagulla bayan allo, a haɗa shi da kusar da ta ratsa katangar wuta zuwa batir da inji, duk na'urorin allo su mayar da wutarsu can. Fitilun nesa a jirgin alminiyam suna iya mayarwa ta jiki, in an kankare fenti a wurin an kuma rufe shi bayan ɗauri. Wayar murya mai sulke ce, M27500, kuma sulkenta a baki ɗaya ake haɗa shi, wajen na'ura. Soket ɗin lasifika a raba shi da jikin jirgi da washa ta roba. Wayar eriya RG-400 ta fi RG-58, lanƙwasarta kada ta gaza ninki shida na kaurinta, wato kusan santimita 3, kuma matsa ta da maɗauri yana ɓata aikinta ko ba a ga alama a waje ba. Wayar da za ta haska kamfas, ko wadda dole ta wuce kusa da shi, a murɗe ta tare da ta dawowarta.

Kan waya matsewa ake yi da filaya mai kulle, wadda ba ta saki sai matsa ta cika. Kai mai launin ja na ƙananan wayoyi ne daga lamba 22, shuɗi na 16 da 14, rawaya na 12 da 10. Ba a sa dalma, domin tana hawa cikin sili ta sandarar da shi, a daidai inda ta tsaya waya ke karyewa. Masta, wannan ita ce al'adar da ta fi wuyar bari, amma a bar ta. Abin feɗe riga kada ya ji wa sili ciwo, kowane kai a ja shi da ƙarfi bayan matsa, kusa ɗaya kada ta ɗauki kai fiye da huɗu. Tsakanin baki da baki kada gami ya wuce ɗaya, kada ya ɓuya cikin bututu ko ƙarƙashin maɗauri, in kuma wayoyi da yawa za a gama a jera su ɗaya gaba da ɗaya. A gindin fiffike a sa fulogi. Kowace waya a rubuta mata lamba a baki biyu, a rufe da roba mai tsukewa da zafi, farar waya ashirin duk kamarsu ɗaya.

Gwaji

Tun ba a haɗa batir ba, bi kowace waya da mita daga baki zuwa baki, sannan ka tabbata babu wayar wuta da ke karanta haɗuwa da jikin jirgi. Cire duk fis. Haɗa batir ta cikin ƙwan fitilar mota: in ya haska sosai alhali komai na kashe, akwai haɗewa, ƙwan kuma ya hana ta ƙona komai. Mayar da fis ɗaya bayan ɗaya. In an cire ƙwan, auna volt a bakin kowace na'ura tana aiki, ka gwada da na allo, bambancin ya tsaya cikin rabin volt. Kunna fitilu kana kallon allurar kamfas, kunna mai walƙiya da famfo kana sauraron rediyo. Ɗauki hoton kowane sashe kafin a rufe, a ajiye tare da zanen wayarin.

Bayan awannin tashi na farko a buɗe duk ƙofofin dubawa a bi damin da yatsa da tocila. Abin nema shi ne baƙin gari kamar toka a kan alminiyam, wurin da rigar waya ta yi sheƙi, zoben da ya karkace, ko maɗaurin da ya juya. Inda aka ga ɗaya daga cikinsu, a canja wayar in rigarta ta ci, a kuma ƙara maɗauri a wurin kafin jirgin ya sake tashi.